IN ALLURAR FARKO BA TA CI BA: SHAWARA GA MASU JINYAR CIWON DAJIN FATA

A 'yan shekarun nan wata tambaya ta soma shigowa zaurukan manyanmu wadda iyayenmu ba su san irinta ba. Ɗa ko ƙane ya bugo waya daga Landan ko Hambug, ko kuwa ya komo daga babban asibiti a Ankara, ya ce likita ya faɗi allurar da a ke yi wa wane ba ta ci ba, sai dangi su zauna su zaɓi abin da za a yi nan gaba. Daga nan kowa ya dubi babba, domin shi a ke jira ya yanke magana. Sa'an nan a dubi mai rumfa a kasuwa, domin daga aljihunsa kuɗin za su fito.

To, a irin wannan zama mutane kan kasu biyu. Waɗansu su ce shi ke nan, magani ya ƙare, a komo da shi gida. Waɗansu kuma su ce a sayar da gida da mota a nemi kowane irin magani aka ambata. Mu dai abin da mu ke so mu nuna shi ne, tsakanin waɗannan biyu akwai hanya, kuma da tambaya a ke samunta. Matambayi ba ya ɓata.

WANE CIWO NE WANNAN?

Ciwon da mu ke magana a kansa likitoci suna kiransa melanoma. Ciwon daji ne wanda ya ke tsirowa daga ƙwayoyin nan da su ke ba fatar mutum launi. Ga Turawa, galibi zafin rana ke jawo shi, ya kan fito a baya ko a ƙwauri ko a fuska. Mu baƙar fata bai cika kama mu ba, amma in ya zo, ya fi zuwa inda ba a tsammani, watau tafin ƙafa, da diddige, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Ya kan soma kamar baƙin tabo mai faɗi, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Wanda ya saba da yawo cikin kasuwa sai ya ɗauka faso ne ko ƙusa ya taka, ya yi ta ɗaure shi da tsumma wata da watanni. Bob Marli, mawaƙin Jamaika, a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa nasa ya fito a 1977, ya kuwa kashe shi a 1981 yana da shekara 36.

In an kama ciwon da wuri, wuƙar likita ta isa. In kuwa ya bi ta kaluluwa ya shiga huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa, sai a koma ga maganin da zai zaga jiki duka.

YADDA ALLURAR TA KE AIKI

Cikin jinin kowane mutum akwai waɗansu fararen ƙwayoyi, mu ce dakarun jiki, aikinsu su tsare duk baƙon da ya shigo. Fatake sun san yadda a ke yi a shinge: mai takardar wucewa a ɗaga masa, marar takarda a tsare shi. To, ƙwayar ciwon daji takardar jabu ta ke riƙe da ita, tana nuna wa dakaru, su kuwa su ƙyale ta. Allurar da a ke kira mai tayar da dakarun jiki ita ke hana wannan takarda aiki, dakaru su gane ɓarawo su far masa. Masana biyu, Jems Alison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun sami lambar Nobel a 2018 saboda gano wannan.

Ta farko da aka yarda da ita a Amurka ita ce Yervoy, a cikin shekarar 2011. Keytruda da Opdivo suka biyo baya a 2014. Kafin wannan zamani, yawancin waɗanda ciwon ya bazu a jikinsu ba su kan cika shekara guda ba. A 2024 aka ba da labarin wani babban gwaji na mutum 945 da aka bi sawunsu shekara 10. Cikin waɗanda aka gama wa Opdivo da Yervoy, mutum 43 cikin 100 suna raye, cikin waɗanda aka yi wa Opdivo kaɗai kuwa 37. Jimi Kata, tsohon shugaban Amurka, ciwon ya shiga hantarsa da ƙwaƙwalwarsa a 2015, aka yi masa aiki da gashi da Keytruda, ya zauna har 2024, ya rasu yana da shekara 100.

Wannan abin murna ne, amma ku juya lissafin ku gani. Keytruda ko Opdivo kaɗai, kamar mutum 4 cikin 10 ne ciwonsu ke ja da baya sosai. Ga irin wanda ke kama tafin ƙafa, abin ya fi haka ƙaranci. Likitocin Japan, inda shi ma irin nan ya yi yawa, sun ba da labari a 2020 cewa bai kai mutum 2 cikin 10 ba. Dalili kuwa, ciwon da rana ta jawo ƙwayoyinsa sun sāke kama ƙwarai, dakaru su kan gane su da sauri. Na tafin ƙafa ya fi kama da ɗan gida. Saboda haka in an ce allura ba ta ci ba, kada a zargi likita, kada kuma a zargi mai ciwo ko wani maƙwabci. Abu ne da likitoci su ke tsammani tun farko, suna kuma da shirinsa.

TAMBAYA TA FARI: DA GASKE BA TA CI BA?

Allurar nan ba ta da gaggawa. Galibi sai bayan kamar mako 12 a ke ɗaukar hoton cikin jiki na farko. Wani lokaci hoton ya kan nuna ƙari ya ƙara girma, alhali dakarun jiki ne suka taru a kansa ya kumbura. Wannan ba ya kai mutum 1 cikin 10, saboda haka kada a dogara da shi. Amma in mai ciwo yana cin abinci, yana tafiya, jikinsa bai faɗa ba, likita ya kan ci gaba da allura ya sāke hoto bayan mako 4 zuwa 8 kafin ya yanke hukunci. In kuwa mutum yana rama, ciwo yana ƙaruwa, ba a jira.

Akwai kuma wanda aka tsayar masa da allura domin ta dame shi. Dakarun da aka tayar su kan far wa jikin mai su, su kawo zawo mai tsanani, ko kumburin hanta, ko tari da sarƙewar numfashi. Tsayar da allura saboda wannan daban ya ke da rashin cinta. Mutane da yawa an tsayar masu, ciwonsu kuwa ya ci gaba da kwanciya, domin dakarun sun riga sun gane abokin gāba. Ku tambayi likita sarai: ciwon ne ya ƙaru, ko maganin ne jiki bai ɗauka ba?

TAMBAYA TA BIYU: INA YA MOTSA, DA WANE SAURI?

In wuri ɗaya ko biyu ne suka ƙaru, sauran suna kwance, ba a rushe gida domin ɗaki ɗaya na yoyo. Likita ya kan yanke wannan ƙari, ko ya gasa shi da na'ura, a ci gaba da allurar da a ke yi. Wannan hanya tana hannunmu a nan Gana, domin akwai na'urar gashi a asibitin Korle Bu a Ankara, akwai kuma a asibitin Komfo Anokye a Kumasi.

Ya kamata a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ko da mutum ba ya ciwon kai, domin melanoma yana son zuwa can, abin da aka gani kuwa ya kan sāke shiri duka. Akwai kuma wani awon jini da a ke kira LDH. In ya hau ƙwarai, alama ce ciwon yana da yawa, yana kuma sauri. Mai ciwon da ke sauri magani mai saurin ci ya ke bukata. Wanda nasa ke tafiya a hankali yana da sararin jiran magani mai nawa amma mai daɗewa.

Ku kuma lura da lokaci. Wanda allura ta yi wa aiki, aka tsaya, bayan shekara ɗaya ko biyu ciwon ya komo, ana iya koma masa da ita. Wanda tun farko ba ta taɓa ciwonsa ba, maimaita ta ita kaɗai asarar kuɗi ne.

TAMBAYA TA UKU: ME AWON ƘARIN YA NUNA?

Ita ce tambayar da aka fi mantawa, ita kuwa ta kan buɗe ƙofa. Tsokar da aka yanka tun farko tana ajiye a ɗakin gwaji, ana iya auna ta a ga ko tana da wata ɓaraka da a ke kira BRAF. Ƙarin da ke da ita kamar mota ya ke wadda totur ya maƙale, tana ta gudu ba tsayawa. Akwai ƙwayoyin haɗiya da su ke tsinke mata mai, ana shansu bibbiyu: Tafinlar da Mekinist, ko Braftovi da Mektovi. Kamar mutum 2 cikin 3 ciwonsu ke ja da baya, sau da yawa cikin makonni kaɗan. Aibinsu shi ne ciwon ya kan koyi kewaye su, ga yawancin mutane cikin kamar shekara guda, ko da ya ke waɗansu sun daɗe fiye da haka nesa. Tafinlar da Mekinist kuma su kan kawo masassara ga kamar rabin masu sha.

Kusan rabin melanoma na Turawa yana da BRAF. Irin na tafin ƙafa kuwa kamar 1 cikin 5 ne ko ƙasa da haka. Duk da haka a auna, domin wanda ya dace ya sami hanya. Wanda ba shi da ita kada ya sha waɗannan ƙwayoyi ko an ba shi kyauta, ba za su amfane shi ba. A roƙi likita ya auna har da wata ɓaraka mai suna KIT, wadda aka fi samu a irin namu. Waɗansu masu ita su kan ji daɗin Glivec, tsohon magani wanda yanzu kamfanoni da yawa ke yin irinsa da araha.

HANYOYIN DA SUKA RAGE

Ta ɗaya, a ƙara wa allura ƙarfi. In Keytruda ko Opdivo kaɗai aka yi, ana iya gama Yervoy da Opdivo, sau 4, mako 3 tsakanin kowace. Wani gwaji da aka yi a Amurka, aka ba da labarinsa a 2023, ya nuna mutum 28 cikin 100 ciwonsu ya ja da baya da wannan haɗi, Yervoy kaɗai kuwa 9. Wanda ya dace ya kan daɗe da sauƙin. Amma haɗin nan yana da zafi. A babban gwajin da muka ambata a sama, fiye da rabin waɗanda aka yi masu sun sami lahani mai tsanani. Dole mai ciwo ya zauna kusa da asibiti, ya kuma san zawo a wannan lokaci ba na jiƙo ba ne, na likita ne a ranar. Akwai kuma wani haɗi mai suna Opdualag da ya fito a 2022. Ya fi sauƙi a jiki, amma bayan allurar farko ta kasa, kamar mutum 1 cikin 10 ya ke yi wa aiki.

Ta biyu, a ɗebi dakarun mutum a yi kiwonsu. Likita ya yanki ƙari, a tsamo fararen ƙwayoyin da suka riga suka kutsa cikinsa, a hayayyafa su a ɗakin gwaji har su kai dubban miliyoyi, sa'an nan a mayar masa ta jijiya. A wani gwaji na mutum 168 a Holan da Danmak, wanda aka ba da labarinsa a 2022, mutum 49 cikin 100 sun sami sauƙi da wannan, waɗanda aka yi wa Yervoy kuwa 21. Amurka ta yarda da irinsa mai suna Amtagvi a watan Fabrairu 2024, yana yi wa kamar 3 cikin 10 aiki. Sai dai ana jiran fiye da wata guda kafin ya haɗu, ana ba da magani mai ƙarfi kafin a sa shi da kuma bayan an sa, sai mai lafiyayyar zuciya da huhu ke jimrewa. Kuɗin da aka sa masa ranar fitowarsa dala 515,000 ne, ban da kuɗin kwanciya. 'Yan'uwanmu na ƙasashen waje masu inshora su tambaya da wuri, tun jiki bai faɗa ba. Mu na gida, kada wani dillali ya ruɗe mu da shi.

Ta uku, in ciwon a ƙafa ɗaya ya tsaya, ya yi 'ya'ya daga diddige zuwa cinya, waɗansu manyan asibitoci su kan ɗaure jinin ƙafar su zuba mata magani ita kaɗai. Akwai kuma allurar da a ke yi cikin ƙarin kansa.

Ta huɗu, tsohon maganin ƙarin ruwa, irin dakarbazin, wanda a ke amfani da shi tun 1975. Yana da araha. Amma kamar mutum 1 cikin 10 ya ke yi wa aiki, na 'yan watanni, ba a kuma tabbatar yana ƙara tsawon rai ba. A karɓe shi da wannan sani.

Ta biyar, gwajin sabon magani. A manyan asibitocin Ingila da Jamus da Amurka ana gwada magungunan da ba su fito kasuwa ba, galibi ba a biyan kuɗin maganin. Sai da yardar mutum a ke sa shi, yana kuma iya fita ran da ya so. Ga wanda ba shi da BRAF, wannan ya kan zama hanya mai kyau, ba abin ƙyama ba ne.

MAGANAR KUƊI

Ɗan kasuwa ba ya sayen kaya sai ya san jimla. Kada ku tambayi kuɗin kwalba ɗaya, ku tambayi kuɗin tafiyar duka: kwalba nawa, wata nawa, hoto nawa, kwanciya fa in lahani ya taso? Ko da ya ke Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan allurai cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada tun 2019, tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Soma maganin da za a yanke a tsakiya domin kuɗi sun ƙare, asara biyu ke nan.

Sa'an nan ku ce wa likita: "Likita, cikin mutum 10 irin wannan namu, nawa wannan magani ke yi wa aiki? Na wane tsawon lokaci? Yaushe za mu san ko ya ci?" Ku yi alkawari da juna tun kafin a soma, cewa in hoto na gaba bai nuna sauƙi ba za a tsaya a sāke shawara. Wannan shi ke hana gida ya tafi, rumfa ta tafi, marayu su tashi ba kome.

Ku sayi magani ta hannun asibiti. Allurar nan a cikin firiji a ke ajiye ta, wadda ta kwana cikin jakar matafiyi ba a san abin da ta zama ba, ga kuma jabu. In ana shan sassaƙe ko jiƙo a faɗa wa likita, domin waɗansu su kan taɓa hanta, ya ɗauka maganinsa ne ya yi ɓarna ya tsayar. Wanda duk ya ce zai warkar da ciwon daji cikin kwana 40, ku riƙe kuɗinku. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, aikin dangi ne su duba abin da a ke miƙa masa.

A TAMBAYI MAI CIWO

Al'adarmu ce mu ɓoye wa majinyaci nauyin ciwonsa domin tausayi. Amma jikinsa ne za a huda, shi zai kwanta a asibiti. Wani zai ce a gwada kome, ko da 1 cikin 10 ne. Wani zai ce ya fi son ya zauna cikin iyalinsa, ya ga auren 'yarsa, ya biya bashi, ya mayar da ajiyar mutane, ya faɗi wasiyyarsa da bakinsa. Duka biyu magana ce ta mai hankali. Dattijon kirki shi ne wanda zai zauna kusa da shi ya ce, "Malam, ga abin da likita ya faɗi, kai me ka gani?"

Ku kuma sani, kula da zafin ciwo ba sallama ba ce. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya waɗanda aikinsu ke nan, su kashe zafi da mofin da sauransu, su wanke gyambo su hana shi wari, su gyara barci da cin abinci. Gashi kaɗan ya kan kwantar da ciwon ƙashi ko ya tsayar da jini. Ana neman wannan tun ana cikin magani, ba sai an ƙare ba. Ran da likita da mai ciwo suka ga magani mai ƙarfi ya fi cuta wahalarwa, barinsa ba gazawar dangi ba ce.

ABIN DA ZA A RIƘE

In za ku ga likita, ku tafi mutum biyu, ɗaya ya iya rubutu. Ku riƙe takardar awon tsoka, da hotuna, da sunayen magungunan da aka yi da ranakunsu. In harshe ya yi wuya ku nemi tafinta, kada a sa yaro ƙarami ya fassara irin wannan magana. Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne, likitocin kansu su kan taru su yi shawara a kan majinyaci ɗaya.

Daga ƙarshe, duk abin da muka lissafa a sama magani ne na ciwon da ya riga ya yi nisa. Mai araha duka shi ne duba tafin ƙafa. Ku duba naku, ku duba na tsofaffin gida waɗanda ba su iya sunkuyawa. Baƙin tabon da ke faɗaɗa, ko baƙin zane a farce mai ƙara faɗi, ko gyambon da ya wuce wata guda bai rufe ba, a kai asibiti a yanki kaɗan a auna, kada a ƙona shi, kada a tsaga. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri, amin.